Shekara Takwas Babu Yaya Rakiya, Masu Maganin Sanyi Suna Nan

Da daminar bana yayata Rakiya ta cika shekara takwas da rasuwa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Mun saba duk shekara mu taru a gidan babban wanmu a nan Kontagora, a yi mata addu'a, a raba sadakar masa, kowa ya koma harkarsa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na ji a tasha, ranar da na raka wata baƙuwa ta hau motar Bangi. Wani mutum ya ɗora lasifika a kan rufin tsohuwar motarsa, yana zayyano al'aurar maza da mata, da irin ruwan da ke fita, da warinsa, da rana tsaka, mai ƙosai tana suya a gefensa. Yana rantsuwa da Allah cewa roba ɗaya ta isa ta wanke kowane irin ciwon sanyi har abada. Na dubi ruwan da ke cikin robobin, launinsa sak na kwata bayan an ɗauke ruwan sama. Na juya na tofar da yawu. A mota ina komawa gida, ba abin da ke zuwa mini sai fuskar Yaya.

Ita ce ta biyu a ɗakinmu, ni Mairo ni ce auta, kuma aikina koyarwa a firamare. Yaya Rakiya a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti take aiki, inda ake duba jini da fitsari, amma duk unguwa Likita ake ce mata. Gajera ce, mai babbar murya, ba ta iya raɗa ba. Ba ta cin abinci sai ta wanke hannu har gwiwar hannu, mu yi ta yi mata dariya. Babban abin da ya sa dangi ke jin nauyin zama da ita shi ne ba ta sakaya suna. Inda kowa zai ce "wurin nan" ko "larurar mata", ita sai ta faɗi abin da sunansa, a gaban kowa, sa'annan ta ci gaba da cin tuwonta.

Akwai lokacin da ta tafi ƙaro ilimi. Duk hutu sai ta dawo da kai cike da magana, kuma ni ce mai sauraro, don ba wanda zai jure mata. Wata ranar Asabar da hantsi muna ferayar doyar Mashegu a tsakar gidanta, ta fara ba ni labarin wata cuta da 'yan asibiti ke kira hapis. Ita ce mai fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa a al'aura, su fashe su yi zafi kamar an zuba barkono, su warke, bayan wani lokaci su dawo. Ta wurin saduwa ake ɗaukarta. A gari kuwa duk sunanta sanyi, kamar sauran.

Ta ce, "Mairo, kin san abin da ke ba ni haushi da ƙwayar nan? Ba ƙarfi gare ta ba. A waje ruwa da sabulu ma sun gama da ita. Wayo gare ta."

Ta ajiye wuƙa ta yi mini bayani. Ta ce jikin mutum da ƙananan ɗakuna aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. Idan baƙon abu ya shiga ɗaya daga cikinsu, ɗakin yakan gutsuro ɗan ɓarɓashin baƙon ya fito da shi bakin ƙofa, don sojojin jiki masu sintiri su gani, su rushe ɗakin da abin da ke ciki. To ita wannan ƙwaya, da shigarta sai ta sa ɗakin ya ƙera mata wani furotin, wanda ba shi da aiki sai toshe hanyar da ake fito da ɓarɓashin. Sojoji su zo su ga ƙofa fes, su wuce. Kafin su farga ta hayayyafa, ta kama jijiya ta haura can gindin ƙashin baya, ta kwanta.

Na ce, "Yaya, furotin ba shi ne kike cewa yana cikin wake da nama ba?"

Ta yi dariya har da buga cinya. Ta ce dangi ɗaya ne. Da shi jiki ke ƙera kayan aikinsa, ita ma ƙwayar da shi take ƙera nata, sai dai ba ta da maƙera, ta mutum take ara. Ta ce a jijiyar nan za ta zauna iya rayuwar mutum. In ya gaji, ko ya yi zazzaɓi, ko damuwa ta yi masa yawa, sai ta gangaro, ƙuraje su fito. Wani lokaci ma takan gangaro ba ƙurji ko ɗaya, mutum ya ba matarsa bai sani ba. Maganin asibiti yana hana ta hayayyafa, ya rage zafi, ya rage yawan dawowarta, amma ba ya fitar da ita. Ta ɗaga wuƙar ta nuna ni da ita, ta ce, "To ki faɗa mini, wane jiƙo ne zai bi ta can ya ciro ta?"

A lokacin labari kawai na ɗauke shi. Ban san zan ga aikinta da idona ba.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga wata ruga a hanyar Mashegu. Zan kira ta Jebu, mijinta kuma Giɗe, ba sunayensu na gaskiya ba ne. Jebu mace ce mai fara'a, Hausarta a karkace, tana kiran Yaya da Adda. Giɗe yana rakiyar shanu kudu a manyan motoci, yakan daɗe bai dawo ba. Jebu na da cikinta na fari, ya tsufa, sai muka daina ganinta. Muka ce ta haihu ke nan. Rannan sai ga ta a ƙofar gidan Yaya, ta sauko daga babur, ta rungume jariri a cikin zane, ba a daɗe da yin suna ba.

Da Yaya ta buɗe zanen na kau da kai. Kan yaron da gefen idonsa duk ƙuraje ne masu ruwa, an shafe su da wani baƙin abu mai ƙauri, ƙudaje na bi. Jikinsa zafi, ba ya kama nono, ko kukan kirki ba ya iyawa. Yaya ba ta tsaya saka takalmin kirki ba, ta ja su sai asibiti. Likitan da ya duba ya ce abin da ita ma ta zata ne, wato hapis, kuma ya riga ya shiga jikin yaron sosai. An yi abin da za a iya yi. Yaron bai yi kwanaki ba ya koma.

Da Yaya ta zauna da Jebu ta tambaye ta a hankali, sai ga yadda abin yake. Giɗe ya dawo daga kudu cikin na gab da haihuwa. Ba da daɗewa ba ƙuraje suka feso mata, da zazzaɓi, abin da ba ta taɓa gani ba a rayuwarta. Ta ji kunyar faɗa wa kowa. Da su a jikinta ta haihu a ɗaki. Yaya ta ce mini wannan shi ne mafi haɗari, mace ta kamu karon farko gab da haihuwa, jikinta bai riga ya san cutar ba balle ya ba ɗan kariya.

Mutuwar yaron ba ita ce ƙarshen abin ba. Ungozomar da ta karɓi haihuwar ta riga ta ga ƙurajen, ta faɗa wa uwar Giɗe, magana ta zaga ruga. Aka ce Jebu a yawon tallan nono ta kwaso ƙazanta a gari, ta kashe musu jika. Mata suka daina cin abinci ƙwarya ɗaya da ita. Aka fara maganar a mai da ita gidan ubanta. Yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi in namiji na sayen nono.

Yaya ta ce sai ta je rugar. Mijinta ya ce ba za ta shiga dajin nan ita kaɗai ba, shi ya sa na bi ta. Muka hau babura biyu, hanya duk taɓo, sau da yawa sai mun sauka mun taka. Da muka isa ta gaida uwar Giɗe da ladabi, ta yi mata ta'aziyya, sa'annan ta ce tana son ganin Giɗe. Suka koma gindin wata ɗorawa, ni ina tsaye kusa don kada a ce ta keɓe da namiji. Saboda haka da kunnena na ji.

Ta ce, "Malam Giɗe, ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Ƙurajen nan, ka taɓa ganinsu a jikinka?"

Ya daɗe yana tona ƙasa da sandarsa. Can ya ce, "Likita, ya taɓa yi mini a kudu. Amma na sha magani. Mai maganin ya ce ya fita duka, har ya rantse."

"A ina ka saya?"

"A tasha, nan Kontagora."

Yaya ta rufe ido. Ta yi masa bayani da Hausa mai sauƙi, ta ce ƙurajen da kansu suke warkewa, ko ya sha ruwan robar ko bai sha ba, shi ya sa mai maganin ba ya taɓa faɗuwa. Ta ce cutar na nan a jikinsa, ba hukuncin kisa ba ce, mutane da yawa na rayuwa da ita lafiya, kuma za su iya samun 'ya'ya masu rai in sun bi ta asibiti. Giɗe ya yi hawaye, na gani. Ya ce ba zai saki Jebu ba. Sai Yaya ta ce to saura abu ɗaya, ya je ya gaya wa mahaifiyarsa cewa ba daga Jebu ba ne.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan kam ba zan iya ba, Likita. Da wane ido zan dubi Inna?"

Ta ce, "Da idon da Jebu ke duban mutanen rugar nan kullum."

Kuma bai faɗa ba. Ya dai ce wa uwarsa shi ya yafe wa matarsa, a bar maganar. Ya yafe mata! Yaya kuwa amanar aikinta ta ɗaure mata baki, ba ta da ikon tona ciwon wani a gaban danginsa. A kan babur muna dawowa na ji tana ta tsaki ita kaɗai har muka shigo gari.

Haushin da ba ta iya saukewa a ruga ba, a tasha ta sauke shi. Bayan 'yan kwanaki ta tashi daga aiki, da farar rigarta a ƙarƙashin hijabi, ta je ta tsaya gaban mai lasifikar wancan lokaci. Ba na wurin, amma kafin la'asar labari ya iso makarantarmu. An ce ta ɗaga roba ɗaya ta tambaye shi me ke ciki, ya ce sirrin kakanni ne. Ta ce wace cuta yake warkarwa, ya ce duka. Ta ce masa jariri ya mutu saboda rantsuwarsa. Shi kuwa da ya ga mutane sun taru, sai ya juya lasifikar ya ce, "Jama'a ku ji matar aure tana zancen gaban maza a tasha! Hajiya, ko ke ma kina so ne, kunya ta hana ki?" Tasha ta ɗauki shewa. Ba wanda ya tsaya mata. An ce ranar ya yi ciniki fiye da kullum.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ƙazanta. Wasu dattawan unguwa suka je wurin mijinta, wai ya ja mata kunne, tana zubar da mutuncin gida. Mutumin da ke kwarara batsa a lasifika tun safe har yamma ba wanda ya je gidansa. Ita da ta faɗi gaskiya sau ɗaya, ita ce marar kunya. Mijinta, Allah Ya saka masa, ya ba su ruwa suka sha, ya raka su ƙofa, bai ce mata uffan ba. Amma abin ya ci ta. Ta rage zuwa biki. Takan ce mini, "Mairo, ni ƙwayar ba ta ba ni ƙyama. Ita halittarta ke nan. Mutane ne."

Abu ɗaya ya sanyaya mata rai kafin ta tafi. Jebu ta sake samun ciki, Yaya ta sa ta awo tun da wuri, likita ya ba ta ƙwayoyi a watan ƙarshe, ya duba ta da naƙuda ta zo, ta haifi 'ya mace lafiya lau a asibiti. Yaya ce ta fara ɗaukarta. Ba a yi shekara ba bayan haka, hawan jini ya kayar da Yaya a wurin aiki, ba ta daɗe a kan gado ba Allah Ya karɓi abarsa.

Yanzu nakan tambayi kaina, da za ta leƙo ta ga Kontagorar yau, me za ta ce? Mai lasifika ɗaya ta sani. Yau sun shiga waya. Kina zaune a ɗakinki, mace tsaf da ita, da lalle da gwal, za ta fito tana ɗaga kwalba tana cewa wankin mara ne, daga sha ɗaya an rabu da infekshan. Ki tura kuɗi, a sa miki a mota har Nasko. A gidan biki ma sun samu kujera. Da idona na ga ana ɗura wa amarya wani abu mai yauƙi, ana ba ta wani ta cusa, ba wanda ya san da me aka haɗa shi, ko a wane baho aka dama, ko hannun da ya dama ya ga sabulu. Iyaye mata na tsaye suna guɗa.

Sun kuma ƙirƙiro wa abin suna mai daɗi, wai infekshan na banɗaki. Kowace mace a banɗaki ta ɗauka. Yaya ta sha faɗa cewa wannan ƙwayar ba ta daɗewa a waje, ba a masai ake kwasarta ba. Amma ƙaryar ta yi wa kowa daidai. Miji ba sai an tambaye shi inda ya je ba, mai magani ya sayar, mace ta sha ɗaci ta yi shiru, in ƙuraje sun dawo a ce ba ta da tsafta. Har masu ilimi na ji suna faɗin haka a ɗakin malamai, suna miƙa wa juna lambar mai kwalba. In na yi magana sai a ce, "Jinin Likita ya motsa." A yi dariya a wuce.

Ba na cewa duk mai maganin gargajiya maƙaryaci ne. Kakarmu da saiwa ta yi mana maganin abubuwa da yawa, kuma in abu ya fi ƙarfinta takan ce a tafi asibiti. Wanda nake ƙyama shi ne mai rantsuwa da sunan Allah a kan abin da ya san bai sani ba, ya sallami mutum ya koma kan matarsa da tabbacin ya warke. Da kuma mu da muke wucewa ta gabansa kullum, mu toshe hanci saboda kwatar tasha, amma kunnenmu ya saba da shi.

Uwar Giɗe ta rasu shekarun baya, ta tafi kabarinta tana ganin surukarta mazinaciya ce. Rashin tsaro ya tashi rugarsu, suka dawo gefen gari. Jebu na kawo mini nono har yanzu, 'yarta ta shiga makaranta. Ba ta taɓa kawo mini ƙarar mijinta ba, amma fara'ar nan tata ba ta dawo ba. Shi kuwa Giɗe, tun ranar gindin ɗorawa, in ya gaishe ni nakan amsa ne iya abin da addini ya wajabta.

Watan da ya wuce, ranar wata Lahadi da safe, aka yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na tarar da shi, furfura ta fara fito masa, tare da wani ƙaninsa, saurayi mai shirin aure. Bayan gaisuwa ya yi ta kame-kame, sa'annan ya ce, "Malama, wannan zai yi aure bayan Sallah. Ya ce mini yana ganin wani abu a jikinsa, har ya sayi magani a waya. Na karɓe na zubar. Na ce ba za a ɗaura ba sai likita ya gan shi. Wurin wa za mu je, tunda Likita ba ta nan?"

Maganganu da yawa sun zo mini baki, na ɗan da aka binne, da na matar da ta sha zagi a kan laifinsa. Ban faɗe su ba, ban kuma ji na yafe masa ba, wannan tsakaninsa da Jebu ne da Ubangijinsu. Na shiga ciki na sa hijabi, na kai su asibiti da kaina, na haɗa su da wata da suka yi aiki da Yaya.

In an auna, abin da Yaya ta bari ba shi da yawa. Ba ta rufe teburin mai magani ko ɗaya ba, ba ta wanke sunan Jebu ba, garin da ya yi mata shewa bai san ya yi kuskure ba. Amma akwai wata yarinya a wata ruga, ban san ta ba, ban san sunanta ba, da za a kai ɗakin ƙanin Giɗe bayan Sallah, kuma an tsaya an yi tunanin lafiyarta kafin a kai ta. Ba a yi wa Jebu haka ba. Allah Ya kai ladan kabarin Yaya Rakiya, Ya yalwata mata shi, Ya sa ta huta da mu.